Kati ko Furosesa

Litinin, 3 ga Maris
Kwamfutar ta sake kunyata ni. Mai otal yana tsaye a kaina, na ce bari in juya masa zanen matakalar ƙarfen ya ga bayanta, sai komai ya sandare. Da ya fita Oga ya ce, "Abu ɗaya zan saya wa kwamfutar nan, ka zaɓa. In ta sake tsayawa ranar sha uku, zanen zai koma hannun 'yan waje, kai kuma ka koma walda." Shekara goma sha ɗaya na yi a walda. Idona ba zai ƙara ɗauka ba.

Laraba, 5 ga Maris
Na gama bincike. Laifin katin hoto ne, sashen kwamfutar da ke fitar da hoto. Hoto ke tsayawa, to me ya rage? Na jera kati biyar a takarda, na soke huɗu. Na tabbata. Kusan.

Alhamis, 6 ga Maris
Uwargida ta ce in tambayi ƙanwata Auta, tunda gyaran kwamfuta ne sana'arta. Yarinyar da na goya? Yanzu dai shekararta talatin, amma duk da haka.

Asabar, 8 ga Maris
Auta ta zo ofis da kanta, aikin uwargida ne. Ba ta ko kalli takardata ba. Ta buɗe wani allo mai nuna wahalar kowane sashe, ta ce, "Yaya, juya matakalar taka." Na juya. Katin da nake zargi ko gumi bai yi ba. Furosesa kuwa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, hannu takwas gare shi, ɗaya ya kai maƙura, bakwai suna hamma.
"Manhajarka da hannu ɗaya take lissafin sandunan nan," in ji ta. "Mai saurin hannu za ka nema, ba mai yawan hannu ba. Kati sai ranar da za ka yi wa zane kwalliya."
Na ce ai na lura da haka. Ta ce, "Allah ya ƙara basira, Yaya." Da dariya a bakinta.

Lahadi, 9 ga Maris
Na maimaita gwajin sau goma da agogo a hannu. Sau goma tana da gaskiya.

Talata, 11 ga Maris
Furosesa mai hannu shida, amma mai gudu. Ya zauna daidai a allon cikin kwamfutarmu, sau uku na duba lambar kafin in biya. Oga ya ce, "Daga takwas zuwa shida? Ci gaban mai haƙa rijiya ke nan?" Na ce ya jira.

Alhamis, 13 ga Maris
Matakalar ta juya, ba ta tsaya ba. Mai otal ya ce a ƙara tazarar sanduna, na ƙara yana kallo, ya sa hannu a takarda.
Oga ya dafa kafaɗata, wai ta yaya na gano ba kati ba ne. Na buɗe baki zan ce bincike. Sai na ji na ce, "Ƙanwata ce."