Kaska Ta Kashe Saniyar Baba

Zuwa ga Yaya Lawal,

Gaisuwa mai yawa. Yaya iyali, yaya zaman Ikko? Allah ya sa ƙafar Hajiya da sauƙi.

Bayan haka, jar saniyar da Baba ya bar mana ta mutu. Da na zuba siminti a gidana na Ƙanƙara, sai na hana kiwon kaji saboda kashi. Ashe su ke tsince mata kaska. Ina garin Sabuwa wajen kwangila, kaska ta cika mata kunnuwa da hantsa, ta shanye ta.

Da gumina na gina gidan nan, amma na kasa kallon turken. Inna dai cewa ta yi, "Gida ya yi tsabta, Alhaji."

Ka sa ni a addu'a. Gaida yara.

Ƙanenka,
Sule