Fentin da na saya wa Mama yana bangon ƙanin mijina

Anti, don Allah ki ba ni shawara, abin nan ya tokare mini ƙirji.

Mahaifiyata tana da asma. Da jikinta ya yi rauni sai muka ce ta dawo gidanmu, muka ware mata ɗakin da ke kusa da falo. Likita ya ja mini kunne kan wari da ƙura. Ni tela ce, ban san kan fenti ba, amma na je shago na yi ta tambaya har aka nuna mini mai ruwa, wanda warinsa ba ya daɗewa. Mama da kanta ta zaɓi kalar, kore mai haske. Na haɗo da sabuwar rola da burushi.

Ƙanin mijina mai fenti ne. A hannuna ya ci abinci shekara da shekaru kafin ya yi aure, ni ce ma na ɗinka masa kayan angonci. Ya ce in bar masa makulli in tafi shagona, kada in wahalar da kaina. Da na dawo sai na tarar bango yana ƙyalli, wari har ido yake yaji, kalar kuma ta yi duhu. Na yi magana, ya ce haka sabon fenti yake, in ya bushe zai washe. Na yarda, don me zan ƙi yarda? Muka kawo Mama. Ba ta daɗe a ɗakin ba sai asibiti, tana jan numfashi da ƙyar, tana riƙe da hannuna tana ce mini in daina kuka.

Makon jiya matarsa ta haihu, na je barka. Anti, ina shiga falonsu na ga koren Mama a bango, lumui, ba ƙyalli ba wari. A bayan ƙofa ga rolata, da ƙyallen da na ɗaura mata a mariƙi. Na karɓi jaririn ina murmushin dole.

Mijina ya ce tunda Mama ta samu sauƙi a bar maganar, kada a ɓata zumunci. Ni kuwa ko sallamar ƙanin nasa na ji sai raina ya ɓaci. In yi shiru ne, ko in tona?

Wadda ta ba da makulli

'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ɓacin ranki yana kan hanya, an ci amanarki.

Fara da Mama. Kada ta koma ɗakin nan yanzu, a bar tagogi a buɗe, ki kuma gaya wa likitanta abin da ta shaƙa. Yadda kika kwatanta, fenti mai mai aka shafa, irin wanda sai da kananzir ake wanke burushinsa. Mai ruwa ba ya kama shi haka kawai. Sai an goge ƙyallin da samfefa, takardar nan mai kaushi, an share ƙurar, an sa fentin shimfiɗa tukuna, kuma duk a yi Mama ba ta gidan. Wannan karon a buɗe bokiti a gabanki, ki ga murfinsa a liƙe, ki tsaya har a fara shafawa.

Shi kuwa ƙanin naki, ban ce ya yi nufin cutar da Mama ba. Mai yiwuwa ya ga haihuwa ta matso, ya ɗauka fenti duk fenti ne. Wannan bai wanke shi ba, domin kin tambaya ya yi miki ƙarya. Mijinki ma yana da gaskiya a tsoron rabuwar kai, sai dai shirun da yake nema a kanki kaɗai zai ƙare.

Kada ki kai maganar gaban dangi, kada ki sa mai jego a ciki. Ke da mijinki ku kira shi, ku zauna ku uku, ki faɗa masa abin da kika gani da abin da Mama ta sha a asibiti, sannan ki saurare shi. In ya amsa laifi, ya je ya duba Mama ya ba ta haƙuri. Ki yafe in zuciyarki ta sauka, ba sai yau ba. Gyaran ɗakin dai wani za ki ba, kuma ba ki da bayanin da za ki yi wa kowa a kan haka.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya raya jaririn. Ki gaishe mini da Mama.