Ɗana Ya Shimfiɗa Ƙyauren Aikina a Kan Kwata

Malama mai filin nan, ki taimake ni da shawara tun kafin in aikata abin da za a daɗe ana maganarsa a layinmu. Ni ban yi makaranta ba, ko sunana ban iya rubutawa. Maƙwabcina mai shagon magani ne yake karanta mana filinki, shi ne kuma yake rubuta min wannan. Na ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya yi min kwaskwarima, don na san shi da son sulhu.

Sana'ata gyara ce: keken ɗinki, fanka, dutsen guga, injin aski, injin markaɗe. Tun gashina yana baƙi nake cikin shagon nan. Da aiki ya yi min yawa, kai ya fara ɗaukar zafi, sai na samo wani tsohon ƙyaure na jingina a bango, na kafa masa ƙusoshi layi-layi. Duk kayan da aka kawo, sai in huda murafun kwalba biyu, in yi musu alama iri ɗaya, ɗaya in ɗaura wa kayan, ɗaya in rataye a ƙyauren. Layin sama na sabon zuwa ne. Na ƙasa da shi, na waɗanda na buɗe na ga cutar. Sai layin masu jiran a samo musu kayan gyara a kasuwa, sai na waɗanda na gyara amma na bar su suna gudu in ji ko ƙarya suke min, sai na ƙarshe, mai shi ya zo ya ɗauka. Wanda da abin yake ci da iyalinsa, kamar tela ko mai aski, jan zare nake ɗaura masa, shi ne a gaba ko yanzu ya shigo. Fankar falo ta jira, gumi bai taɓa kashe kowa a kan kujerar kushin ba. Da safe kallo ɗaya zan yi wa ƙyauren in san yadda yinina zai kasance.

To sai yanar ido ta rufe min gani, aka yi min aiki, likita ya ce in zauna a gida. Na bar wa babban ɗana shagon, wanda ni na koya masa riƙe sukundireba. Magidanci ne fa, da 'ya'yansa, ba yaro ba. Ranar da na dawo, bango fayau. Ina ƙyaure? Malama, a bakin shago na same shi, an zare ƙusoshin, an shimfiɗa shi a kan kwata, mutane na takawa suna shigowa. Ni kaina sai da na taka shi kafin in gane. Murafun kuwa an share an zubar.

Wai ya sa wani abu a waya, manhaja suke ce mata, wai duk duniya da ita ake aiki, daga gidan burodi har asibiti. To abin da ya yi wa mai burodi daidai, ta yaya zai yi wa mai gyaran keke? Abu biyu kawai ta sani, an gama ko ba a gama ba. Ba ta san jiran kaya ba, ba ta san gwaji ba. Wanda ya riga zuwa shi ne a gaba, ko da rediyon da mai ita ya manta da ita ce. Wata tela da mijinta ya rasu, da kekenta take riƙe da marayu, ta yi ta sintiri har ta gaji ta kwashe abinta ta kai wani wuri, shi yana can yana fama da fankar wani mai gidan bene don waya ta ce layinsa ne. In caji ya ƙare kuma shago ya makance. Ni da aka yi wa aikin ido na fi ta gani! In ina son sanin me ke gabanmu yau, sai in tsaya a latsa a gaya min, a shagona, kamar ɗan koyo.

Da na yi magana sai ya ce wai ƙyauren ba mai iya karanta shi sai ni. Wai da ina kwance ya ba wani dutsen gugar wani, aka zo aka yi masa tijara a gaban jama'a. Wai ya zo gida ya tambaye ni ma'anar baƙin zare na kore shi. Ina fama da ido a ɗaure za a dame ni da tambaya? Wai kuma bara farin zare na nufin abu kaza, bana na canja ban gaya wa kowa ba. Ƙyaurena ne, sai na nemi izini? Mutum ya yi shekaru yana shiga yana fita a gaban abu bai gane shi ba, laifin wa? Uwarsa ma ta bi bayansa, wai in bar yara su yi zamaninsu. Haka ta ce da ya sayar min da tsohon kekena na hawa, haka ta ce da aka canja min kujerar zama. Duk ina sane, ban manta ba.

Yanzu na yi magana da magini. So nake ya ja bango a tsakiyar shagon, ɗan nawa ya yi nasa da wayarsa, in yi nawa, kowa da ƙofarsa. Shi kuma ya aiko uwarsa ta gaya min ran da aka aza bulon farko zai kwashe kayan aikinsa ya bar unguwar. Ya tafi mana! Hannuna dai ya ɗan fara rawa, ƙananan notuna shi ke ɗaura min, amma wannan ba wani abu ba ne, na faɗa ne kawai. Ki gaya min gaskiya, in ja bangon ko kuwa? Kuma ki faɗa masa a jarida bai kyauta ba, yana karanta ki.

Tsoho mai gyara

AMSA

Baba, na ji, kuma da dalili ranka ya ɓaci. Bari in fara da abin da ka roƙa: ɗanka bai kyauta ba. Abin da uba ya yi shekaru yana tsara aikinsa a jiki ba a mai da shi wurin takawa, ko da an daina amfani da shi. Ya ɗauke shi daga kan kwatar nan yau, ya ba ka haƙuri. Kana da gaskiya kan manhajar ma. An yi ta don kowa, shi ya sa ba ta san shagonku ba. Tsarin da ka ƙirƙiro ya fi ta dacewa da aikin gyara, musamman jan zaren nan.

Amma Baba, kai ma da naka. Tsarin da mutum ɗaya kaɗai ya iya karantawa, ranar da ya kwanta, tare suke kwanciya. Ɗanka ya zo har gida ya tambaya, ka kore shi, ya koma ya sha zagi kan abin da ba a koya masa ba. Ba raini ne ya kai shi ga waya ba, gudun sake jin kunya ne.

Kada ka ja bango, ka sallami magini. Bangon ba zai dawo maka da ƙyaure ba, sai dai ya raba ka da hannun da ke ɗaura maka notuna. Na lura da yadda ka faɗi wannan ka wuce da sauri.

Ku kafa sabon allo tare. Kai ka faɗi layukan, shi ya rubuta sunan kowane layi da ma'anar kowane zare a jiki, ya sa wa sababbin murafu lambobi manya-manya. Ran da ka canja ma'ana, ran nan ka gaya masa. Waya ta riƙe abin da allo ba zai iya ba: lambar mai kaya, hoton kayan, da aika saƙo in an gama. Wa ke gaba kuwa, allo ne zai faɗa. Telar nan kuma ku je tare ku ba ta haƙuri, haƙƙinta na kanku ku biyu.

Batun keke da kujera, ka sauke su haka, sun yi maka nauyi. Ku daina kuma aiken mahaifiyarsa a tsakaninku, baiwar Allah ta huta. Kai ne babba, kai za ka kira shi ka zaunar da shi. In ka tsaya jiran ya fara zuwa, magini zai riga shi.

Allah ya ƙara wa ido lafiya, ya sanyaya zuciya, ya bar ku kuna buɗe ƙofa ɗaya da safe.