Inna, Na Ɗora wa Talatu Laifin da Ba Nata Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya da uwa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Muna nan lafiya, jikokinki ma ƙalau. Ni ce dai kwanakin nan na kasa zama wuri ɗaya. Da kina raye, da tuni na hau mota zuwa Achika na zazzage miki cikina.

Kin san aikina a jami'a koyar da ƙididdiga ne, wanda kike kira ƙirgar mutane. Bara wani kwamitin lafiya ya ba ni bayanan masu juna biyu da ke zuwa awo a ƙananan asibitocin Wudil da kewaye, in duba inda aka fi samun matsala wajen haihuwa. Irin wannan lissafi hawa-hawa ake yinsa, mata a ƙarƙashin asibiti, asibiti a ƙarƙashin mazaɓa, don a bambance abin da ya taso daga jikin mace da wanda ya taso daga wurin da ake duba ta. Tsarin da na ɗauka asibiti ɗaya yake ba kowace mace. Sai na rubuta wa kowa inda ta haihu, na wuce. Ko minti biyar ban yi ina tunani a kai ba.

Wani ƙaramin asibitin ƙauye ya faɗo can ƙasan jerin. Na miƙa rahoto, aka yaba mini. Ashe da shi aka kafa hujja aka ba ma'aikaciyar wurin takardar tuhuma, aka bi ta da ta sauyin wurin aiki.

Malama Talatu sunanta, ta kusa sa'ar Yaya Binta. Wata Juma'a ta same ni a ofis, ta ratso cunkoson kasuwa da buhu cike da katunan awo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zaro kati ɗaya ta ajiye a gabana, ta ce, "Malama, wannan ta zo mini da ciki wata takwas, ƙafa a kumbure, jini ya hau. Watanni bakwai a garin mijinta ake duba ta. Ni na kumbura ta?"

Sai a lokacin na gane. Goyon ciki, Inna! Garin nasu 'ya'ya mata da yawa sun yi aure a waje, kuma gida ake dawo da su haihuwar fari.

Nan take na tuna cikin ɗana Abba. A Wudil na yi ta awo, har ranar da kika zo da kanki kika naɗe mini kaya, kina cewa, "Haihuwar fari ba a ɗakin miji ake yinta ba." Na haihu a Achika da kati biyu a jakata. Ni da kaina irin matan nan ce, amma na zauna gaban kwamfuta na manta.

Sati uku na yi ina bin katunan ɗaya bayan ɗaya. Akwai hanyar da ake bi idan mutum na cikin rukuni fiye da ɗaya, na ma taɓa koyar da ita a aji. Raba mace ake yi tsakanin wuraren da suka duba ta, gwargwadon zuwanta. Wadda ta yi awo shida a asibitin Kausani, biyu a wajen Talatu, kashi uku cikin huɗu nata na Kausani ne, ɗaya ne na Talatu. Wasu katunan sun ɓata, wasu ruwa ya ci rubutun. Waɗannan na raba su daidai, na sake gwadawa da wani rabon, don kada in ƙara yaudarar kaina. Duk yadda na juya, asibitin nan tsakiya yake komawa. Tazarar da na ce akwai tsakanin asibitocin ma ta ragu sosai.

Na kai gyaran wajen shugaban kwamitin. Ya karanta, ya ce za a janye tuhumar. An kuwa janye. Amma sauyin wurin yana nan, don har wata ta kama aiki a gurbinta. Sau huɗu ina komawa. A na ƙarshe ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, hannuna bai kai can ba."

Da na je ba Talatu haƙuri, na tarar tana ɗaure kwanuka. Na so ta yi mini faɗa, wallahi da na fi samun sauƙi. Sai ta ce abu ɗaya take so: matan garin suna ta cewa an kore ta ne don mata na wahala a hannunta, in zo in faɗa musu gaskiya da bakina.

Gobe ne, Inna, bayan la'asar, a gidan mai unguwa. Na rubuta abin da zan ce sau uku ina yagawa. Na iya bayani gaban ɗalibai, amma ban san yadda zan dubi matar da Talatu ta karɓi haihuwarta in ce ni na jawo ba. Zan dai je. Zan ce ni ce, ba kwamfuta ba.

Ina kewarki, Innata. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu a Aljanna. Allah Ya sanya wa Talatu albarka a inda za ta, ni kuma Ya ba ni bakin magana gobe. Amin.

'Yarki,
Rabi