Kafin Askin Gyaɗa

Taitung, Litinin 9 ga Maris, shekara ta 115

Shu-yao tawa,

Gaisuwa mai yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa. Ya jiki, ya jego? Ya Mama da ɗawainiya? Ya 'yarmu Gyaɗa, har yanzu tana ɗaure fuska in an ɗauke ta kamar alƙali? Tunda Mama ta kulle wayarki a durowa, wai hasken allo yana lalata idon mai jego har tsufa, ga ni na koma takarda da biro. Kada ki yi wa rubutuna dariya, rabona da biro tun ranar da muka sa hannu a takardar aurenmu.

Kin ce in daina ce miki "aiki ne kawai", to ga aikin. Babban asibitin garin nan ya haɗe da wani ƙarami na gindin tsauni. Kowanne yana da kundinsa a kwamfuta, inda sunan kowane ma'aikaci yake da kalmar sirrinsa. Kamfani daban ya ƙera na babban, kamfani daban ya ƙera na ƙaramin, kuma ba sa jin yaren juna. Shi ne aka ɗauko mu mu kafa musu ɗan aike a tsakani, proksi muke ce masa. Nas ta buga sunanta, ɗan aike ya duba ta wane gida ce, ya ruga can ya tambaya, ya dawo da amsa ya buɗe mata. Mutanen babban asibiti duk suna shiga sumul. Na ƙaramin kuwa, su ɗari huɗu da talatin, duk wanda ya buga sunansa sai allo ya ce wa'adinsa ya ƙare.

Ga inda abin ya taɓa ni. Manaja Lai ya ce in ɗan aiken bai shiryu ba zuwa Juma'a, za a watsar da shi, mu kwashe mutum ɗari huɗu da talatin da hannu zuwa babban kundi, ɗaya bayan ɗaya, kwana goma babu mai motsawa. Ran Lahadi kuma Gyaɗa ke cika wata, za a yi mata aski, a mirgina mata jan ƙwai a ka, a raba shinkafa gida-gida. Kwana bakwai kacal na riƙe yarinyar nan kafin a turo ni. Ban yarda a aske kanta tana hannun wani ba.

Akwai wata a nan da za ki so, Yaya Pan. Shekara ashirin da biyu tana riƙe da kundin ƙaramin asibitin. Ranar da na iso ba ta kalle ni ba, saman na'urata ta kalla. Kin san al'adarmu ta masu kwamfuta, koriyar ledar cincin ɗin kwakwa da ake ɗora wa na'ura don ta yi biyayya. Ta ce, "Kai baban jaririya, na'ura sabuwa fil ba ka ɗora mata koriyar leda ba, kana mamakin ta yi maka taurin kai? Wa ya yaye ku a makarantar nan?" Na sunkuyar da kai na tafi shago na sayo biyu.

Ki cinye kazar man riɗin da Mama ke dafawa, ko ta ishe ki. Ki sumbatar min tafin ƙafar Gyaɗa.

Mijinki,
Ming-kai

Taitung, Laraba 11 ga Maris

Shu-yao,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama da ƙaramar alƙaliya. Takardarki ta same ni da hantsi, na karanta ta sau uku a tsaye. Wai Gyaɗa ta yi murmushi? Mama ta ce iska ce a cikinta, ni na ce murmushi ne, kuma ni ne ubanta. Maganar kanki da ke ƙaiƙayi, ki daure, saura kwana huɗu ki wanke shi son ranki.

Nan dai shiru. Na bi layin sadarwa, lafiya. Na duba takardar shaidar da na'urorin biyu ke nuna wa juna kafin su amince, ba ta mutu ba. Na canza kalmar sirrin da ɗan aike ke shiga ƙaramin kundi da ita, na daidaita agogonsu, na jera sunayen gurabe na wannan kamfani da na wancan na ga kowanne ya faɗa inda ya dace. Abin da ke ba ni haushi, in nas ta shiga tsohon kundinsu kai tsaye, ya buɗe. In ta bi ta ɗan aikena, ina gani a rubuce ƙaramin kundi ya ce ya san ta, kalmarta daidai ce, sai ɗan aike ya juyo ya ce mata wa'adinta ya ƙare. Na buɗe gurbin wa'adin na gani da idona, 0115-12-31, ƙarshen shekarar nan. Yaya Pan ta gani, Manaja Lai ya sa tabarau ya gani. Saura wata tara da ɗoriya, ina ƙarewa a nan?

Jiya manaja ya so ya taimaka, ya shigo da ledar cincin ruwan ɗorawa ya ɗora. Yaya Pan ta fizge ta kamar garwashi. "Ranka ya daɗe, ruwan ɗorawa? Launin fitilar matsala ke nan, kashe mu za ka yi? Fita da ita, ka cinye a waje!" Babban mutum ya tsaya a baranda yana taunar cincin shi kaɗai. Na yi dariya har na ƙware.

Amma ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Ɗazu na ga wani a bakin ɗakin haihuwa yana jijjiga jariri a kafaɗa, sai da na juya baya. Na tattara duk abin da ɗan aiken ya rubuta na aika wa ofishin kamfanin da ya ƙera shi a Penang, can ƙasar waje, da wasiƙa mai ɗan zafi, na ce kayansu ne ke da aibi.

Kada ki gaya wa Mama tukuna cewa ƙila ba zan samu askin ba.

Naki,
Ming-kai

Taitung, Alhamis 12 ga Maris

Shu-yao, matata, uwar Gyaɗa,

Ina fata kin tashi lafiya, Mama lafiya, yarinya lafiya. Ki zauna da kyau kafin ki karanta, kada dariya ta taɓa miki ɗinki.

Da safe amsa ta zo daga Penang, daga wata mai suna Suraya. Layi biyu ne. "Mista Tu, asibiti kuke haɗawa ko gidan tarihi? Nas ɗinku duk wa'adinsu ya ƙare kusan shekara dubu biyu da suka wuce."

Na yi tsuru-tsuru ina kallon allo, sannan abin ya faɗo min. Ɗan aiken ɗan ƙasar waje ne, Shu-yao! Shekarar da ya sani ita ce 2026. Bai taɓa jin lissafinmu na Jamhuriya da ya fara ƙirga daga 1912 ba, wanda ke kan katin asibitinki da takardar haihuwar Gyaɗa. Shi da ya ga 0115, shekara ta ɗari da sha biyar ya gani, zamanin da ko tsibirin nan ba a zana a taswira ba. Tsohuwar manhajar shiga ta ƙaramin asibitin ɗan gida ne ya rubuta ta, shi ya sa ba ta taɓa tuntuɓe ba. Mu uku muka zura wa lambar nan ido kwana da kwanaki, ba wanda ya ga komai, don a wurinmu bana ce. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ga shi har na zagi kayan mutane, dole na rubuta wa Suraya ban haƙuri da kunya ta ishe ni.

Na tambayi Yaya Pan wa ya sa sifilin nan a gaba. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Ni mana. Akwati ya ce lamba huɗu yake so, na ba shi sifili ya yi shiru. Shekara ashirin da biyu bai kai ƙarata ba, sai da ka kawo baƙonka mara kunya."

Gyaran bai kai a tafasa ruwan shayi ba. Layi ɗaya na rubuta wa ɗan aike: in ka ɗauko wa'adi daga ƙaramin kundi, ka ƙara 1911 a kan shekarar. Yaya Pan ta ce da sunanta za a fara gwadawa. Ta zauna ta buga da yatsa ɗaya, a hankali. Allo ya buɗe. Ta buga tebur ta yi guɗa irin wadda ba a yi a asibiti, har nas biyu suka shigo a guje suna zaton wani ya faɗi. Muka zaunar da su su ma suka buga, ya buɗe. Kafin a ci abincin rana an gwada mutum sittin daga ɗakin magani, ɗakin gwaji da ɗakin haihuwa, babu wanda ya maƙale. Manaja Lai ya dafa kafaɗata ya ce, "Tafi ka sayi tikitinka kafin in tuna wani aikin."

Na saya. Gobe zan miƙa aikin, jirgin ƙasa na safiyar Asabar, ina gida Tainan kafin tsakar rana. Yaya Pan ta haɗa ni da kwalin gwanda mai nauyin buhu, ta ce a tambayi Mama ko mai jego tana iya ci, in ba ta iya ba Mama ta cinye ladan wahalarta. Ki ce a bar min rinin ƙwai, ina so hannuna ya yi ja kamar na kowane uba.

Abu ɗaya nake roƙo, ki shirya Mama tun yanzu, don ke take ji. Ran Lahadi ni zan riƙe Gyaɗa tun daga farkon aski har ƙarshe. Na san ta manta ni, sati uku a wurinta kusan duk rayuwarta ce. Za ta kalle ni ta ga baƙo, za ta tsala kuka, Mama za ta miƙo hannu. Kada kowa ya karɓe ta. Ku bar ta ta yi kukanta a ƙirjina har ta gaji ta gane ni.

Mijinki da ke hanya,
Ming-kai