Lauwali Ya Share Kogon Halwa

Zuwa ga Yaya Halliru, Goronyo.

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyali. Yaya ƙafar Gwaggo Habi? Da hannuna na rubuta, ka yi haƙuri da baƙaƙen.

Mu lafiya muke, kada ka damu. Mun wuce Wadai kan hanyar Makka, sai Nasara sunka tsare ayarinmu gindin wani dutse saboda agana.

Bisa dutsen akwai kogo. Mutanen gari sun ce wani bawan Allah ya yi halwa ciki tun ba a gina Wurno ba, har gwiwoyinsa sunka bar gurbi bisa dutsen. Wasu sunka yi ta gadonsa, na ƙarshe ya rasu bara.

Munka hau ziyara da ɗana Lauwali. Ka san renona, ba ya wuce wurin salla da ƙazanta. Ya ga kashin jemage, ya ɗauki tsintsiya ya share. Bahaushen da ya raka mu ya ce, "Uwar yaro, don mi kika bar shi?" Ashe a nan, wanda ya share kogon shi ya karɓi gado.

Yanzu mutanen gari na kai masa abinci, shi ko ya daina sauka. An kusa sakin ayari, madugu kuma ba ya jiran kowa. Ka sa malamai roƙo. Kada matar Lauwali ta ji tukuna.

Jiya na hau da fura. Ya karɓa ya ce, "Allah shi saka, baiwar Allah." Bai ce mani Inna ba.

Ƙanwarka,
Adama.