Gadin Baya

Laraba, da dare

Cunkoson hanyar Abuja ya cuce ni yau. Kafin in iso gida in kunna wasan sojojinmu a kwamfuta, tuni 'yan rukuninmu sun ɗora Habibu a matsayin kwamanda. Habibun da ni na koya masa cewa ba a tsallaka fili gaba ɗaya, biyu su ruga, biyu su rufa musu da harbi!

Har sunayen da na raɗa wa wurare a taswirar ya kwashe. Ina jinsa a kunnena yana cewa, "Bitrus, kai da Sani ku tare Diko, ni zan zagayo ta Chaza." Ko gezau muryarsa ba ta yi ba. Da na yi sallama sai ya ce, "Yaya Nura, sannu da hanya, don Allah tsare mana baya."

Ina kwance a ciyawa ina gadin bango, wallahi har fata nake a yi musu kwanton ɓauna su neme ni. Sun kama gidan abokan gaba ba a rasa kowa ba. Bitrus na ta ihu, "Oga kwamanda!"

Shekara biyu ina jan su, Bitrus bai taɓa kirana haka ba.